An sallami yaron, ba a kuma faɗi wanda ya yi kisan ba: me fim ɗin yake nufi?

"Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Gwammaja. Wani abokina ya turo mini tsohon fim ɗin Amurka mai suna 12 Angry Men, na kalla har ƙarshe. Abin da ya dame ni shi ne an wanke yaron da ake zargi da kashe ubansa, amma ba a nuna mana wanda ya yi kisan ba. To idan shi ne fa? Ga mu nan a Kano muna fama da masu ƙwacen waya, a kama su yau, gobe ka gan su a unguwa. Shin irin waɗannan finafinai da littattafai ba tausayin mai laifi suke koya wa mutane ba? Kuma me ya haɗa mu da shari'ar Turawa?"

Ƙanena, barka kadai, Allah ya ƙara basira. Idan na fahimce ka, abu biyu ne suka tsaya maka a rai. Na farko, yaya labarin shari'a zai ƙare ba a bayyana gaskiya ba, a kuma ce ya yi kyau. Na biyu, ko maganar ta shafe mu, mu da ba irin kotunsu muke da ita ba. Na daɗe ina koyar da adabi a garin nan, fim ɗin kuma yana cikin waɗanda nake nuna wa ɗalibai, don haka ba kai ka fara tashi da wannan ƙorafi ba. Ba kuma ƙorafin banza ba ne.

Bari mu fara raba abubuwa uku da aka saba cakuɗawa. Akwai abin da ya faru a zahiri, wanda Allah ya sani, wanda ya aikata ma ya sani. Akwai abin da aka iya kawowa gaban mai hukunci, wato shaidu da hujjoji da rantsuwa. Sannan akwai abin da shi mai hukuncin ya taho da shi a zuciyarsa tun daga gida. Alƙali ba shi da hanyar kaiwa ga na farko sai ta na biyu, na biyun kuwa ba ya rabuwa da giɓi. Idan ba a yi hattara ba, na ukun ne yake cike giɓin, mutum ya ɗauka hujja ce ta gamsar da shi alhali zato ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna mana wannan a hadisin Ummu Salama da ke cikin Bukhari da Muslim, inda ya ce shi mutum ne, ana kawo masa husuma, wataƙila wani ya fi wani iya tsara hujja, sai ya yanke masa bisa abin da ya ji. Wanda duk aka ba haƙƙin ɗan'uwansa ta wannan hanya kada ya karɓa, yankin wuta ne aka yanka masa. Ka ga ke nan hukunci yana iya bin ƙa'ida, gaskiya kuma tana wani wuri dabam. Manyan labaran shari'a da duniya ta riƙe, a kan wannan giɓi aka gina su.

Abin da ya faru a ɗakin nan

Fim ɗin ya fito a 1957. Sidney Lumet ne ya ba da umarni, Reginald Rose ya rubuta, asalinsa kuma wasan talabijin ne na 1954. A tsarinsu ana zaɓo mutum 12 daga cikin jama'ar gari, ba lauyoyi ba, su saurari shari'a, sannan a rufe su a ɗaki su tattauna, kuma dole bakinsu ya zo ɗaya. Yaron ɗan shekara 18 ne, ɗan unguwar talakawa, idan an same shi da laifi kashe shi za a yi. Da aka kaɗa ƙuri'ar farko, 11 suka ce ya aikata, mutum ɗaya, wanda Henry Fonda ya fito a matsayinsa, ya ƙi ɗaga hannu. Ka koma ka saurari abin da ya faɗa a wurin. Bai ce yaron bai yi ba. Cewa ya yi shi bai sani ba, amma ran mutum ya fi ƙarfin a yanke shi cikin minti biyar ba a ko tattauna ba.

Ni a aji, nan nake tsayar da fim ɗin. Nakan jera wa ɗalibai hujjojin a allo: tsoho a hawan ƙasa ya ce ya ji yaron yana cewa zai kashe uban, ya kuma gan shi yana saukowa da gudu, wata mata a tsallaken titin jirgi ta ce ta ga kisan ta taga, ga wuƙa irin wadda yaron ya saya, ga shi ya ce yana silima amma ya kasa faɗin fim ɗin da ya kalla. Sai in ce wanda ya gamsu ya ɗaga hannu. Kusan kowa yakan ɗaga. Akwai ranar da na tambayi wani dalilinsa, ya ce, "Malam, ai daga ganin idonsa ka san zai aikata." Yaron nan kuwa sau ɗaya aka nuna fuskarsa a farkon fim, na ɗan lokaci kaɗan, bai furta ko kalma ɗaya ba. Ɗalibin ba mugu ba ne, yaron kirki ne. Giɓin nan ne ya cike da abin da ya saba ji game da 'ya'yan irin wannan unguwa.

Daga nan aka shiga warware hujjojin ɗaya bayan ɗaya. Tsohon yana jan ƙafa, ya ce cikin sakan 15 ya isa ƙofa, da aka gwada tafiyar a ɗakin sai ta haura sakan 40. Jirgi yana wucewa da ƙara a daidai lokacin da ya ce ya ji muryar. Matar tana da shatin tabarau a karan hancinta, a kotu ba ta sa ba, kuma a kwance take a gado lokacin da ta ce ta hango. Babu wanda ya ce shaidun nan maƙaryata ne da gangan. Dattijon da ke cikin mutum 12 ɗin ya ce tsohon nan mutum ne da ba wanda ya taɓa neman ra'ayinsa a rayuwa, yau ga kotu tana saurarensa, yana iya sa kansa ya yarda ya ga abin da bai gani ba. Wannan fahimta ce mai zurfi game da shaida, kuma duk wanda ya taɓa zama sasanta rigimar unguwa ya san ta.

Amma inda fim ɗin ya fi ƙarfi shi ne yadda ya nuna son zuciya ba kala ɗaya ba ne. Akwai mai yi wa mutane kuɗin goro, wanda a wurinsa duk 'yan unguwar nan maƙaryata ne tun haihuwa. Da ya ɓarke da wannan magana, sauran suka dinga tashi suna juya masa baya. Akwai wanda ya ɓata da ɗansa na cikinsa, ya zo yana hukunta ɗan wani a madadinsa, sai a ƙarshe da ya yayyaga hoton ɗan ya fashe da kuka aka gane ciwon. Akwai wanda bai tsani kowa ba, tikitin kallon wasa ne kawai a aljihunsa, yana so a gama ya tafi, da ya ga rinjaye ya juya shi ma ya juya. A ganina wannan ya fi ban tsoro, domin irinsa sun fi yawa a cikinmu. Sannan akwai mai tabarau, mutum natsattse, wanda ya tsaya a kan cewa yaron ya aikata har kusan ƙarshe, ba don ƙiyayya ba sai don hujja. Da aka nuna masa raunin shaidar matar, nan take ya sauko ba gardama. Ina so ka lura da shi, domin shi ne amsar zarginka. Fim ɗin bai ce mai son a hukunta mai laifi mugu ba ne. Ya bambanta wanda hujja take riƙe da shi da wanda shi ne yake riƙe da hujja don ta biya masa buƙata.

Inda kake da gaskiya

Yana yiwuwa yaron ne ya yi. Idan ka tara hujjojin wuri guda, ko da kowacce tana da rauni, taruwarsu tana da nauyi, kuma masu nazari da dama sun faɗi haka. Fim ɗin bai musa ba. Sannan akwai abin da jarumin ya yi wanda bai halatta ba ko a dokarsu: ya je unguwar yaron da kansa ya sayo wuƙa iri ɗaya, ya zaro ta a ɗakin don ya nuna ba ita kaɗai ba ce a gari. A kallo abin ya ƙayatar, amma mai hukunci ba ya fita farautar hujja da kansa. Fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu suka karanta, irin su Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, a kan haka yake: alƙali ba ya yanke hukunci da saninsa na kashin kansa, sai da abin da ya tabbata a majalisarsa.

To me ya sa duk da haka sallamar ta zama daidai? Domin kuskure biyu ne a gabansu, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Idan aka saki mai laifi, an yi ɓarna, amma yana raye, hisabi kuma yana jiransa. Idan aka kashe marar laifi, babu gyara, ga shi mai laifin na gaskiya ya tsira, wato an yi ɓarna biyu. Wannan ba hikimar Turawa ba ce su kaɗai. Ƙa'idar tunkuɗe haddi da shubuha, wato kada a zartar da haddi matuƙar akwai shakka, sananniya ce a wurin malamanmu, haka nan cewa hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Sashe na 36(5) na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 shi ma cewa ya yi wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar. Da marubucin ya nuna mana wanda ya yi kisan a ƙarshe, da ya cuce mu, domin da mun fita muna cewa jarumin ya yi daidai saboda ya canka. Shi kuwa daidai ya yi ko da yaron ne ya aikata, tunda abin da ke gabansa bai kai a kashe rai a kansa ba.

Idan hujja ta fito fili aka kau da kai

Akwai labarin da ya fi wannan ɗaci. Littafin Harper Lee, To Kill a Mockingbird, ya fito a 1960, aka mayar da shi fim a 1962, Gregory Peck ya fito a matsayin lauya Atticus Finch. A wani ƙaramin gari na jihar Alabama a shekarun 1930, aka zargi baƙar fata Tom Robinson da yi wa wata farar fata fyaɗe. A nan ba shakka ce lauyan ya kawo ba, kusan tabbaci ne. Raunin yarinyar a gefen dama na fuskarta yake, alamar bahago ne ya doke ta. Hannun hagun Tom ya shanye tun yana yaro, injin gurzar auduga ya lalata shi. Uban yarinyar kuwa, da aka ba shi alƙalami ya rubuta sunansa a gaban kotu, da hagu ya rubuta. Duk da haka masu hukuncin, dukkansu farare, suka ce Tom ya aikata. Abin da ya ƙara tunzura su shi ne da ya ce tausayinta yake ji shi ya sa yake taimaka mata da aikin gida. A garin nan ba a yarda baƙi ya tausaya wa fari ba. Daga baya aka harbe shi a gidan yari.

Duk lokacin da na kawo wannan a aji, ba na gama bayani sai wani ya ambaci Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Kuma haka ne, ko da yake ƙissar Alƙur'ani gaskiya ce daga Allah, ba ƙagaggen labari ba. Mai shaida daga dangin matar ya kafa ma'auni: idan rigar ta yage ta gaba, matar ce mai gaskiya, idan ta baya ne, shi ne. Aka duba, ta baya ce. Mijin ya gane, ya ma faɗa. Amma aya ta 35 ta Suratu Yusuf ta ce bayan sun ga alamomin, sai suka ga ya dace su ɗaure shi zuwa wani lokaci. Hujja ta bayyana, sai dai ɗaya bawa ne, ɗaya matar babban mutum. Ka ga ba kullum ne rashin sani yake jawo zalunci ba. Wani lokaci an sani sarai, martabar gida ce ta fi gaskiya tsada a wurin masu yankewa. Abin da nake ƙorafi da shi game da littafin Harper Lee shi ne, daga gidan lauyan aka ba da labarin, ta bakin 'yarsa, Tom da iyalinsa kuwa ba mu ji muryarsu sosai ba. Wanda aka zalunta ya zama darasi ga 'ya'yan wani.

Namu kuɗin goron

Mu ba launin fata ne ya fi damunmu ba, asali ne. Shi ya sa nake ganin fim ɗin Indiya Awaara na 1951, na Raj Kapoor, ya fi kusa da mu. Alƙali Raghunath ya yi imani ɗan ɓarawo ɓarawo ne, ɗan mutumin kirki kuma na kirki. A kan wannan aƙida ya ɗaure wani mai suna Jagga ba da hujja ba, don kawai ubansa mai laifi ne. Jagga ya fito ya zama ɗan fashi na gaske, ya sace matar alƙalin, da ya gane tana da ciki ya sake ta. Alƙalin ya saurari tsegumin mutane ya kore ta. Ɗan da ta haifa, jininsa, ya tashi a kwararo ya zama ɓarawo a hannun Jagga, har ranar da ya tsaya a kotu ana tuhumarsa da yunƙurin kashe alƙalin, wato uban nasa. Mu ma muna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, muna faɗa da yabo, muna kuma faɗa da suka. Da ita ake hana wani aure don sana'ar kakansa, da ita ake fara kallon almajiri idan takalmi ya ɓata a masallaci, da ita ake yanke wa bazawara hukunci ba a ji ta bakinta ba. Abin da fim ɗin ya ƙara mana shi ne hukuncin zato yana ƙera mai laifin da ya yi hasashe. Yaron da unguwa ta gama kira ɗan daba tun bai riƙe wuƙa ba, wace ƙofa aka bar masa?

Adabinmu bai yi shiru ba. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, cikin littattafan farko da suka biyo gasar 1933, 'yan'uwansa fadawa ne suka yi wa Makau, mijin mahaifiyar Umar, hassada, suka kai sukarsa wurin sarki a kan bayin da aka kamo a hari, aka kore shi daga gari. Duk wahalar da Umar da mahaifiyarsa suka sha, har ta kai su hamada, daga wannan hukunci guda ta faro. Tun kafin nan, a ƙarni na 15, Almaghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan mulki, yana ta nanata cewa tushen kowace musiba shi ne sarki ya shige labule ya bar talakawansa. Mai hukuncin da ba a iya isa gare shi, da kunnen na kusa da shi yake ji.

Akwai kuma Rashomon na Akira Kurosawa, fim ɗin Japan na 1950, inda aka kashe wani jarumi a daji, ɗan fashi da matar mamacin da shi mamacin ta bakin mai bori kowa ya ba da labari dabam, mai saran itacen da ya gani ma ya ɓoye wani abu. Wasu suna cewa ma'anarsa babu gaskiya, kowa da tasa. Ban yarda ba. Gawa tana kwance, ta hanya ɗaya aka mutu. Abin da ya nuna shi ne kowa yana gyara labari don ya kare mutuncinsa, har wanda ya gani da idonsa.

Daga allon kallo zuwa bakin kasuwa

Ka ce me ya haɗa mu da kotunsu. Gaskiya ne a Kano alƙali ne yake yanke hukunci, ba mutum 12 ba. Amma mu duka muna zama masu hukunci ba tare da an naɗa mu ba. Idan aka yi ihun ɓarawo a kasuwa, mutum nawa cikin masu ɗaukar dutse suka ga satar? Idan aka ɗora hoton wani a Facebook ko aka yaɗa a WhatsApp, mutum nawa suke tambayar wa ya gani kafin su tura? A watan Maris na 2025, a Uromi ta jihar Edo, aka tare mafarauta 'yan Arewa da suka taso daga Fatakwal za su gida salla, aka ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16. Mutanen garin suna fama da masu garkuwa da gaske, tsoronsu ba na ƙarya ba ne. Amma kamanni da harshe ne suka cike musu giɓin hujja. Mun yi kuka, kuma ya cancanta mu yi. Sai dai wanda ya yi kukan Uromi ba shi da bakin da zai halatta a yi wa wani haka a titin Kano don an ce ya ƙwaci waya. Suratul Hujurat ta ce a bincika labari kada a cuci mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama, Suratul Ma'ida kuma ta ce kada ƙiyayyar wasu ta sa a ƙi yin adalci.

Ni ba alƙali ba ne, ba lauya ba ne, malamin adabi ne, kuma ba zan ce maka fim yana gyara kotu ba. Takaicinka game da masu ƙwacen waya na gaske ne, an kashe mutane a kan wayar da ba ta kai ta kawo ba. Amma ka duba ɗaya gefen: mafi yawan waɗanda ke tsare a gidajen gyaran hali na ƙasar nan jiran shari'a suke, ba a ma yanke musu hukunci ba. Wato matsalarmu ba yawan tausayi ba ce, rashin kammala bincike ne, kuma shi ne yake sakin mai laifi, shi ne yake riƙe marar laifi. Wanda ka gani a unguwa washegari, wataƙila beli aka ba shi, beli kuwa ba sallama ba ne. A lokutan da na je kotu na zauna don in ga yadda ake yi, abin da na fi gani yana kashe ƙara shi ne a kira shaida ba ya nan. Mutanen da suka cika titi ranar kamu, ranar zaman kotu kowa ya tafi kasuwarsa, wani tsoron ramuwa, wani ƙyashin kuɗin mota, wani an ɗage zaman har ya gaji. Idan abin ya faru a gabanka, ka hana a taɓa shi, ku miƙa shi ga 'yan sanda, ka ba da sunanka a matsayin shaida, ku nemi mai unguwa ya san da maganar don a riƙa bibiya. Ranar zama ka je ka faɗi iya abin da idonka ya gani, inda ba ka gani ba ka ce ba ka gani ba, ko da hakan zai rage wa ƙarar ƙarfi.

Idan kana son ƙari, akwai na Indiya da aka gina a kan labarin 12 Angry Men, Ek Ruka Hua Faisla na 1986, wanda Basu Chatterjee ya shirya. Ka kalle shi tare da abokin naka, ku tsayar bayan ƙuri'ar farko, kowa ya rubuta hukuncinsa da dalilinsa a takarda kafin ku ci gaba.